Kwikwiyon Da Ka Aiko Wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, ya tsare ka daga abin ƙi, ya sa zaman da kake yi a can ya zame maka alheri. Mu ma nan alhamdu lillahi. Yara suna zuwa makaranta, babbar ta fara taya ni aikin kicin, ƙaramar kuwa haƙoranta na gaba sun fita, ba ta yarda ta yi dariya sai da hannu a baki. Babansu lafiya lau, yana ta fama da hanya kamar kullum. Gwaggo ƙafar ce dai take matsa mata, amma bakin nan nata yana nan da ƙarfinsa yadda ka san shi. Baba kuma, to, Baba shi ne dalilin takardar.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutu alhali ga waya. Na zaɓi haka ne don duk sanda muka yi magana, kafin in gama haɗa zancen a bakina sai ka ce ana jiranka, ko ka ce in ƙara haƙuri, Allah yana rubuta mini lada. Ni ma kuma da na ji muryarka sai girmanka ya danne ni, in ce ba komai, alhali da komai. Saboda haka ka yi mini alfarma ka karanta wannan har ƙarshe. In ka ga inda na yi zafi ka yafe mini, barci ne ya yi mini ƙaranci.

Ka tuna safiyar da Baba ya buɗe ƙofa ya fita ba wanda ya sani, sai maƙwabcinmu mai walda ne ya tsinto shi a tashar mota, takalmi ƙafa ɗaya, yana gaya wa direbobi wai ya zo tarbar ɗansa ne. Na kira ka na faɗa maka ne don ina zaton in ka ji haka za ka sa ranar tasowa. Sai ka ce ka san abin da za ka yi. Wallahi Yaya da murna na kwana. Na sa aka share ɗakinka, aka fitar da katifa rana, har labule na canza. Bayan 'yan kwanaki sai ga abokinka ya yi sallama da kwali a hannu, yana murmushi kamar wanda ya kawo albishir. Na leƙa ciki na ga ɗan kwikwiyo baƙi, da ɗigon fari a ƙirji, girmansa bai wuce silifas ɗin Baba ba, yana rawar jiki a kan tsohuwar jarida da ya riga ya jiƙa. Abokinka ya ce saƙonka ne. Wai ka ce in ya girma zai riƙa haushi duk sanda Baba ya nufi ƙofa, kuma wai ka karanta cewa dabba tana ɗebe wa tsofaffi kewa. Na yi masa godiya, na ba shi ruwa ya sha. Da ya tafi na shiga ɗakin da na share maka na zauna a bakin gado, ban fito ba sai da aka kira la'asar.

Da rana ɗan abin nan ba shi da laifi. Yana bin ƙafar yara, yana faɗuwa yana tashi, ya lashi madara ya kwanta a inuwa. Amma da an kashe fitilu sai ya fara. Ba haushi ba ne, Yaya, bai ma san haushi ba tukuna. Wani siririn kuka ne mai shiga har cikin haƙori, ya ja shi ya ja shi, ya yi shiru har ka ce ya gama, ka juya ka gyara filo, sai ya sake ɗaukowa daga farko. Na ajiye shi a baranda, ya yi kuka. Na kai shi bayan kicin inda babu iska, ya yi kuka. Na kulle shi a tsohon shagon Baba, sai kukan ya riƙa dawowa daga bango kamar su biyu ne. Ka sani tun da gigin tsufan nan ya yi wa Baba ƙarfi na baro ɗakina na dawo gidan nan da yara, kuma dama rabin dare nake barci, rabin ina sauraron motsinsa. Ɗan rabin da ya rage mini shi ne kyautarka ta zo ta ɗauke. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Mai walda mutumin kirki ne, ka san shi, amma shi ma sai da ya tare ni a ƙofar gida. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, yana tambayar jikin Baba, kafin ya ce matarsa tana da jariri, in jaririn ya yi shiru sai kwikwiyon ya karɓa, har sun rasa wanda za su lallasa. Na ba shi haƙuri, kunya kamar in nutse. Gwaggo kuwa ba ta kewaya ba. Da ta zo ta gan shi ta tsaya daga soro ta tattare zaninta, ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa ajiye kare a gidan ubanta ba, sai yanzu da ɗan'uwanta ya rasa hankalin da zai hana. Ta ce in kai shi bayan gari in yar. Da na ce mata kai ka aiko, nan take murya ta sauka, ta ce ai kuwa ka kyauta, ka yi tunani, yaron nan akwai hangen nesa. Ka ji fa. Da a hannuna ya fito najasa ne, da aka ce daga hannunka ne ya zama hangen nesa. Na ɗauko mata kujera.

Baban yara ne ya ce mu kai shi wurin likitan dabbobi ko ciwo ne yake damunsa. Likitan ya buɗe masa baki, ya latsa cikinsa, ya yi masa allura, ya ce lafiyarsa ƙalau, illa dai an raba shi da uwarsa da wuri. Ya ce da ya saba kwana a cikin ɗumin 'yan'uwansa, yanzu in ya farka ya ji ba kowa sai ya yi ta kira ko za a amsa. Ya hana mu dukansa ko yi masa tsawa, ya ce tsoro ne zai ƙaru. Ya ce in ciyar da shi da wuri, in fita da shi ya yi fitsari kafin kwanciya, in shimfiɗa masa tsumma mai laushi, in naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul in sa masa a gefe, in kuma akwai ƙaramin agogo mai ƙara in sa a ƙarƙashin tsumman, wai wani yakan ɗauka bugun zuciyar uwarsa ne. Mafi sauƙi dai, in ji shi, a kwantar da shi inda zai riƙa jin numfashin mutum har ya saba. Na tsaya ina kallon likitan nan yana shafa kan kwikwiyo yana bayani a natse, na ce a raina ikon Allah, tun da na fara jinyar Baba ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani mai tsawo haka a kan yadda zan yi da shi.

Maganar agogo ba ta ba ni wahala ba, tunda gidan mai gyaran agogo ne. Na buɗe durowar shagon Baba, ga su nan birjik, na hannu da na tebur, wasu tun na mutanen da ba su dawo karɓa ba, amma duk sun mutu. Na ɗauko wani mai ƙararrawa biyu a ka ina jijjiga shi, sai Baba ya hango ni daga kan tabarma ya miƙo hannu. Yaya, da ka ga yadda ya karɓe shi. Ya kara a kunne, ya ce in kawo masa tire da madubinsa na ido da ƙananan ƙarafansa, da irin muryar nan tasa ta da, wadda in ya yi kira daga shago muke rige-rigen amsawa. Na kawo masa. Ya kwance bayan agogon tsaf, ya fito da kayan cikin ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tire. Ni da yara muka zauna muna kallonsa. Da ya gama fitarwa sai hannun ya tsaya. Ya daɗe yana kallon tiren, sannan ya ɗago ya tambaye ni wane mara imani ne ya lalata wa mutane agogo haka. Na ce ni ce, Baba, ka yi haƙuri. Ya ce kada in ƙara. Na tattara kayan na zuba a leda. Daga baya na sayo sabo a kasuwa na sa wa kwikwiyon, ya yi masa fitsari a daren farko, kukan kuma bai fasa ba.

Rashin barcin ya bi ni har wurin aiki. Ka san shagon magani ba wurin gyangyaɗi ba ne. Wata rana wata mata ta kawo takardar likita ta ɗanta mai zazzaɓi, na juya na ɗauko kwalba na sa a leda, har ta miƙo hannu, sai Allah ya sa mai shagon yana tsaye a bayana ya riƙe ledar. Na manya na ɗauko, ba na yara ba. Bai yi mini faɗa a gaban mutane ba, sai da matar ta tafi ya kira ni ciki ya ce ya san halin da nake ciki, amma ran ɗan wani ba abin gwaji ba ne, in je gida in huta, in na ga na dawo daidai in zo. Ban sani ba ko hutu ya ba ni ko sallama ce cikin mutunci. Har yau ina gida. Shekarun da na yi a shagon nan ban taɓa kuskure irin wannan ba, kuma har yanzu ina tuna fuskar yaron nan a kafaɗar uwarsa. Ban faɗa maka a waya ba, don ranar da ka kira tambayarka ta farko ita ce ko kwikwiyon ya fara sabawa, ka kuma ce in turo maka hotonsa yara su gani.

Abin da ya sa na ɗauki biro dai shi ne na makon da ya wuce. Gajiya ta kayar da ni, na yi barcin da ban ji kukan ba sam, Baba ne ya ji. Ƙarar faɗuwarsa ce ta tashe ni. Na fito da tocila na same shi kwance a ƙasan matakalar baranda, goshi ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya, amma ko ta kansa bai bi ba. Inna yake kira, Allah ya jiƙanta, yana faɗa da ita wai yaro yana ta kuka ta ƙyale shi, ta tashi ta ba shi nono. Na ce Baba wane yaro? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce magajinsa mana, wa yake da shi in ba shi ba. Kai yake nufi, Yaya. Ya ji kuka a cikin duhu, ya koma shekarun da kake jariri, ya taso ya ɗauke ka.

Allah ya taimake ni baban yara yana gari, shi ya kai mu asibiti. Aka yi masa ɗinki a goshi, aka duba ƙashi aka ce bai karye ba, sai dai gwiwa ta kumbura. Ina riƙe da hannunsa ana ɗinkin, yana matse yatsuna har suka yi tsami. Da aka gama, nas ɗin tana share masa fuska tana jansa da hira, ta nuna ni ta ce, “Baba, wannan 'yarka ce?” Ya juyo ya ƙare mini kallo, ya yi murmushi, ya ce, “A'a, mai aiki ce. Amma tana da kirki. In ɗana ya zo zai sallame ta.” Nas ɗin ta yi dariya, ni ma na taya ta. Na san ba laifinsa ba ne, na san ciwo ne, likita ya sha gaya mini. Amma ni nake yi masa wanka, ni nake canza masa shimfiɗa in ya ɓata, ni nake lallashinsa kamar yaro kafin ya yarda ya haɗiyi magani. Ni ciwon ya share, kai da ba ka nan ya bar ka daram. A mota baban yara ya ce mini shi bai taɓa hana ni jinyar mahaifina ba kuma ba zai hana ba, amma in gaya masa gaskiya, haka za mu ƙare, shi a can gida shi kaɗai, ni a nan? Mutumin nan ya yi haƙuri, Yaya, kuma ina tsoron ranar da zai ƙare.

Da muka dawo na yanke shawarar washegari zan mayar wa abokinka kayansa. Amma Baba ya ƙi kwanciya, yana ta neman tashi da gwiwar nan, wai sai ya ga yaro. Da na rasa yadda zan yi sai na jawo kwalin na ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa daga waje, na bar ƙofar a buɗe, na matso da gadonsa kusa. Na ɗauko tsohuwar rigarsa ta shan iska da ya cire na shimfiɗa a ciki. Baba ya sauko da hannu ya ɗora a bayan kwikwiyon, yana bubbuga shi a hankali yana wani ɗan gunguni a maƙogwaro, irin wanda ake yi wa jariri. Ɗan abin nan ya yi ƙugi kaɗan, ya cusa hanci cikin rigar, ya yi shiru. Ina zaune a ƙasa na jingina da bango ina jiran a sake farawa, ban san sanda barci ya ɗauke ni ba, sai kiran asuba na ji. Tun daga ranar haka muke kwana. In kwikwiyon ya motsa Baba ya lallaɓa shi, in kuma Baba ne ya motsa sai kwikwiyon ya yi ƙara har in farka. Kullum kafin salla ina wanke wa Baba hannu tas in canza masa riga, ƙarin aiki ne a kaina, amma ya fi mini zaman asibiti.

To ga shi, dabararka ta yi aiki, sai ka ji daɗi. Na san in ka karanta nan za ka ce ai dama ka faɗa. Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani kafin ka yi murna. Magaji ne sunan da Baba yake kiran kwikwiyon da shi. Da safe in an kawo masa shayi sai ya tambaya ko Magaji ya ci. In kwikwiyon ya tauna takalmi na ɗaga murya, sai ya ce in ƙyale masa yaro. Kwikwiyon kuma ya riga ya karɓi sunan, da an kira yake tahowa da gudu yana kaɗa jela. Gwaggo da ta ji sai da ta yi salati ta fashe da kuka, ta ce a hana, wannan cin mutuncinka ne, a kira kare da sunan da uba ya yi wa ɗansa. Na ce mata ta hana in za ta iya. Ta gwada, Baba ya kore ta daga ɗakin. Abin da na lura kuma, tun da ya samu wannan bai sake nufar ƙofar gida ba, bai sake maganar tasha ba. Da, kullum da yamma sai ya sa na fito masa da kujera ya fuskanci soro, in an yi sallama ya miƙe. Yanzu ya daina jira. Ni ban san ko in gode wa Allah a kan wannan ba ko in yi kuka.

Yaya, ba na raina abin da kake aikowa, Allah ya saka maka. Magani yana zuwa, abinci bai yanke ba. Amma zumunci a ƙafa yake, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba cewa na yi ka bar aikinka ba. Ka zo ko na wata ɗaya ne, ka kwana a bakin ƙofar nan in je ɗakina in yi barci kamar kowace mace, in ga ko mai shago zai sake karɓata, in ga ko aurena yana nan inda na bar shi. Ka zo tun yana iya ɗaga ido ya dube ka. Likita ya ce abin gaba yake yi, ba ya komawa baya, ni kuma da nake tare da shi ina ganin yadda ake ɗebe shi kaɗan-kaɗan. In kuma ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa mini a fili in san matsayina, in daina share ɗaki. Abu ɗaya dai nake roƙo, kada ka sake aiko mini da wani abu mai rai.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina yi mata fatan alheri, na ga hoton sabon gidanku, Allah ya sa a shiga lafiya. Ka shafa mini kan mai sunan Inna da ɗan autanku, ka ce gwaggonsu tana kewarsu ko da yake ba su san ta ba sai a waya. Baban yara yana gaishe ka, yara suna gaishe ka, Gwaggo ta ce in gaya maka tana yi maka addu'a dare da rana, mai walda ma ya ce in isar masa.

Baba ne kaɗai ba zan ce ya gaishe ka ba, don ba na so in yi maka ƙarya. Ɗazu kafin in rufe takardar na je na durƙusa a gabansa na ce Baba, ina rubuta wa Yaya wasiƙa, me zan ce masa? Ya ce wane Yaya? Na ce Magajinka. Ya dube ni, ya dubi bakin ƙofa inda kwikwiyon yake kwance, ya yi dariya ya ce, “Ke yarinyar nan, ga mutum kwance a gabanki, sai kin rubuta masa takarda?”

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka.